Jere da Lugude: Abin da Matan Bakin Rugu Suka Koya Mini

A ƙasar Ruma, wato yankin Batsari a jihar Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a kai amarya ɗaki sai 'yan jere sun riga ta. Gwaggwanni da innoni da ƙawayen uwa za su wuni a ciki, wannan ta miƙo langa, waccan ta ce a'a, kwalla ce za ta hau nan, a sauke a sake ɗorawa, har babbar cikinsu ta ja da baya zuwa bakin ƙofa ta ce ya yi. Namiji in ya leƙa, kwanuka kawai yake gani. Mace kuwa karanta ɗakin take yi. Daga tsawon jeren za ta san ko uwar amarya mai sana'a ce, ta kintaci shekarun da aka yi ana zubin adashi, ta gane tasar da aka gada wajen kaka, ta kuma gane wadda aka aro don rufin asiri, wadda bayan kwanakin buɗar kai za ta koma gidan mai ita. Da muna yara ba wanda ke kiran wannan aiki fasaha. Sunansa jere, aikin mata, shi ke nan.

Ɗiyar yayana da ke karatun zane da sassaƙa a Zariya ce ta zo mini da labarin wasu masu fasaha da suka bar zana hoto a rataye a bango. Ɗaki guda suke ɗauka ko fili, su jera kaya, su saka sauti, mai kallo ya shiga da ƙafarsa ya tsaya a tsakiyar aikin. Ta nuna mini Susan Philipsz, wadda ta naɗi muryarta tana rera wata tsohuwar waƙar alhini, ta sa ana jin ta a ƙarƙashin gadojin birnin Glasgow, har ta ci kyautar Turner ta Birtaniya a 2010. Ta nuna mini Otobong Nkanga, haihuwar Kano a 1974, mazauniyar Beljiyam, wadda a ɗaya daga cikin ayyukanta goro take ajiyewa a kan tebur, ta zauna da baƙo su ci su yi hira. Sai kuma Rahima Gambo da aikinta mai suna Tatsuniya, wanda ta yi da 'yan mata 'yan makaranta a Maiduguri, tana nuna wasanninsu maimakon tsoronsu. Burin yarinyar shi ne ta yi aikinta na kammala karatu a kan muryoyin matan da suka gudo daga ƙauyukan Batsari da Safana. Ni kuma aka ɗora mini rakiya, don ni haihuwar can ce, kuma ba tsohuwar da za ta buɗe wa yarinya mai na'ura baki in ba ta ga fuskar da ta sani ba.

Dajin Rugu ya faro daga wajen Jibiya, ya bi ta Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Abin ya soma da satar shanu, ya koma satar mutane da ƙone garuruwa. A watan Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutum 30 bisa ƙidayar 'yan sanda. A shekarar ne gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, ta bar ƙauyen da ta yi aure ta tsufa a cikinsa, ta dawo cikin garin Batsari gidan wani ɗan'uwanmu. Haka akasarin masu gudun suka yi: dangi ne suka karɓe su, wasu suka fake a makarantun firamare da kangayen da ba a gama ginawa ba. A tsakar gidan da Gwaggo take, mata 'yan gudun hijira kan taru da rana, har da waɗanda suka zo daga wajen Runka da Zakka a ƙasar Safana. Nan muka shimfiɗa tabarma.

Yarinyar ta zo da tambayoyinta a rubuce, kusan duka a kan daren da aka shigo. Matan kuwa wani wajen suka ja hirar. Ba ƙarar bindiga suka fi magana a kai ba, sai sautukan da suka ɗauke. Wata ta ce tun kafin su gudu sun daina dakan asuba, domin amon turmi cikin duhu shela ce cewa gidan nan akwai hatsi, akwai mata. Wata ta ce ƙanwarta da hantsi aka kai ta ɗaki, mutum huɗu a ƙasa, ba guɗa ba kiɗan ƙwarya, kamar an je biko. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa a farin wata ya zama wurin da ba a bi bayan magariba. Jaki ya daina kuka don babu jakin, shanun huɗa an kora. Abin da ya maye gurbinsu shi ne ƙarar babur, har yaron da bai iya ƙirga goma ba yana iya bambance babur ɗaya na ɗan acaɓa da ayari. Da yawa daga cikinsu sun kwana cikin dawa da tafin hannu a bakin jariri. Sai kuma waya. A da in ta yi ƙara ɗa ne daga Legas ko Abuja. Yanzu in baƙuwar lamba ce sai gaban kowa ya faɗi. Da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a watan Satumban 2021, Batsari da Safana na ciki, wasu sun ce sun ɗan sami barci, amma wadda ɗanta ke hannun mutanen daji sai ta hau mota har Katsina don kawai ta ji ko yana da rai.

Yanzu in ina son sanin ko gari ya zauna, ba sanarwar rediyo nake jira ba. Kwana nake yi, in kasa kunne da asuba. In na ji taɓarya uku na amsa wa juna a turmi guda, har da tafi a tsakani, to mutanen garin sun yarda da darensu. In ban ji ba, ko motocin jami'an tsaro nawa ne a bakin kasuwa, akwai sauran magana.

Da hira ta yi nisa wata rana, wata matashiya ta soma faɗin abin da ya same ta a daji, muryarta ta karye. Yarinyar ta matsa da na'urar kusa. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Ke kishiya, kashe abin nan. Mi za ki yi da kukan mutane? Ki kai a ba ki lambar yabo?"

"Kaka, so nake duniya ta ji."

"Duniya ba ta ji ba sadda aka ɗauki gawa aka kai ƙohwar Sarki?"

Abin da take nufi ya faru a watan Mayun 2019, lokacin da aka kashe mutum 18 a 'Yar Gamji, mutanen yankin suka ɗoro gawarwakin a mota suka kai Katsina har fadar Sarki, don a gani da ido tunda faɗa da baki bai yi ba. Wanda ya kai ga haka ba ya bukatar a koya masa cewa nuni ya fi bayani ƙarfi. Amma Gwaggo ta san wani abu kuma: an gani, an yi jaje, wata tara bayan nan aka shiga Tsauwa. Saboda haka ba ta ga dalilin da za a ƙara fitar da asirin matashiyar don a sanar da duniya abin da ta riga ta sani ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan kusa. Suna ana canza shi, fuska a rufe ta da mayafi, amma murya ba ta ɓuya. Duk wanda ya tashi ƙauye ɗaya da ke, kalma biyu za ki furta ya ce ɗiyar wane ce. A wurin da ake zargin akwai infoma cikin maƙwabta, kuma abu in ya shiga WhatsApp kafin la'asar ya isa daji, muryar mace tana iya jawo wa mijinta da ke noma a can baya kisa. Wadda ta dawo daga hannun mutanen daji kuma tana da aure a gaba ko a hannu, ga surukai, ga kishiya, ga bakin mutane. Don haka matan suka gindaya sharaɗi: ba za a naɗi labarin mutum ɗaya ba, sai abin da aka yi tare, duk abin da aka naɗa za a sa musu su saurara, abin da suka ce a goge, a goge a gabansu. Yarinyar ta amince, ko da yake na ga ranta ya sosu, don abin da aka hana ta shi ne wanda zai fi girgiza malamanta.

A nan ina da ƙorafi a kan yadda ake zuwa wa matan nan. Mai bincike ko ɗan jarida zai sauka da safe, ya sa mace ta maimaita mafi munin darenta, ya juya maganar zuwa Turanci cikin layi biyu, ya koma kafin hanya ta yi haɗari. Ita da ta yi maganar da Katsinancinta, da habaici, da dogon shiru a inda kunya ta hana ta ƙarasawa, sai ta ƙare a matsayin lamba ɗaya cikin jadawali, ba za ta taɓa jin abin da aka ce ta ce ba. Ban ce niyyarsu mugunta ba ce, kuma wasu rahotannin sun jawo tallafi. Amma wanda ya ɗauki maganar mutum bai dawo masa da ita ba, bashi ya ci.

Maganar jere ta taso ne da yarinyar ta tambayi Gwaggo abin da ta fito da shi daga ƙauye. Tsohuwar ta yi dariya ta ce ai tun kafin gudun ɗakin ya riga ta tafiya. An ɗauke ɗan kishiyarta a gona, aka yanka kuɗin fansa. Maza suka jinginar da gona, suka sayar da sa. Da bai kai ba, aka juyo cikin gida. Kwalla ta tafi, samira ta bi ta, gadon ƙarfe, keken ɗinkin matar yaron, 'yan kunne, akuyoyi, duk ta hannun dillaliya, kuma a farashin wanda ake jira. Sauran matan suka ce labarinsu ke nan. Jere dama shi ne asusun mace, abin da mijinta ba shi da iko a kai, wanda take ajiye wa ranar rashin lafiya ko auren ɗiya. Ana faɗin miliyan nawa aka kai daji, amma ba a faɗin daga ɗakin wa wani kason kuɗin ya fito. In an sako mutum maza ake wa barka a zaure.

Gwaggo ce ta kawo shawarar, ba 'yar jami'a ba. Akwai wani ɗaki a gidan da ake ajiye buhuna. Ta ce a share shi, kowace mace ta kawo abin da ya rage mata, a yi jere irin na da, amma duk inda wani abu ya kamata ya zauna kuma an sayar da shi, a bar gurbinsa. Ta kwaɓa farar ƙasa, ta riƙa tsoma yatsa tana zana zobe a bango daidai faɗin abin da babu. An yi gardama irin ta 'yan jere, a ɗora a sauke, wata ta rantse samirarta ta fi wannan zoben girma, a goge a faɗaɗa. Da aka gama, zobba sun fi kwanuka yawa. Aikin yarinyar shi ne ta ɓoye ƙaramar lasifika a ƙarƙashin kifaffiyar ƙwarya a tsakar ɗakin. Abin da ke fita daga ciki lugude ne da matan suka yi a tsakar gidan da rana tsaka, da waƙar daka da suka haɗa baki, da guɗa guda ɗaya da wata tsohuwar maguɗiya daga ƙasar Safana ta rangaɗa bayan an sha roƙonta, ta ce ta manta rabonta da yi.

Matan unguwa suka riƙa shigowa. Ba wadda aka yi wa bayani. Sai ka ji wata ta nuna bango ta ce nan fanteka ce, can kumbo ne, wannan kuma mai shi da hali take. Da yamma aka ba maza hanya. Maigidan, wanda shi ma an taɓa haɗa kuɗi don ƙaninsa, ya daɗe yana duba bangon, sannan ya ce, "Ni fa gonata kaɗai nake ƙirgawa."

Ba komai ne ya tafi lami lafiya ba. Yarinyar ta so a ajiye ƙwaryar nono da faifai da ludayi a cikin jeren, don a tuna matan Fulani. Wata da aka kashe mijinta a gabanta ta ce in aka sa ƙwaryar ita za ta kwashe kayanta. Ba wanda ya ga laifinta. Gwaggo kuma ta ce tana da ƙawa Bafulatana da ta shekara da shekaru tana kawo mata nono, tana yi mata kiwon awaki, su Fulanin su suka fara rasa shanunsu tun kafin ɓarayin su waiwayi Hausawa, daga baya 'yan sa-kai suka tare ɗanta ranar kasuwa ba tambaya ba shari'a. Matar ta tashi da sauran iyalinta, har yau ba labari. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan a ajiye ƙwaryar a waje, bakin ƙofa. Yarinyar ta ga kamar an rage wa aikinta daraja. Ni kuwa na ga wurin da ƙwaryar ta tsaya shi ne gaskiyar inda zumuncin yake a lokacin, kuma da an tilasta ta shiga ciki da ɗakin ya yi ƙarya. Abin da ya rage mini a rai shi ne babu kalmar Fulatanci ko ɗaya a cikin abin da aka naɗa, don matan da za su furta ta ba su iya shigowa gari. A wannan ƙasa tamu Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da Fulatanci da Hausa da Larabci ta yi waƙoƙinta, jajis ɗinta na 'Yan Taru suka riƙa kai su ƙauyuka wa mata. Duk aikin da za a yi a kan Rugu da harshe ɗaya rabin labari ne.

Da dare matan suka kifa ƙwarya a kan ruwa, abin ya juye amada. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a Katsina. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, 'yar ƙasar Funtuwa da ta rasu a 2013, da ƙorai da 'yan amshi mata ta yi shekaru tana faɗa wa mata su kama sana'a, tana taɓa kishi da zaman aure da abubuwan da ba a faɗa a gaban maza. Yarinyar takan ce aikin da take yi na fafutukar 'yancin mata ne, kalmar da wasu a Arewa ke ji kamar zagi. Ni sunan bai dame ni ba. Wani malami maƙwabci ya aiko yana tambaya ko ya dace a sa muryar matan aure a lasifika. Aka ce masa a cikin gida ne, inda amada take tun asali, kuma masu muryar ne suka zaɓi abin da za a ji. Bai sake aikowa ba. Na lura yawancin abin da ake kira cikas na addini ko al'ada yakan warware in mai abin ce ke riƙe da linzami.

A cikin duk ayyukan da yarinyar ta nuna mini, na Doris Salcedo ta ƙasar Kolombiya ne ya fi tsaya mini. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2016 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen FARC, an narkar da tan 37 na makaman da suka miƙa. Salcedo ta ƙi gina hasumiya da ƙarfen. Daɓe ta yi da shi a wani gini a Bogota da aka buɗe a 2018, kowa ya shiga ya taka. Matan da aka ci zarafinsu lokacin yaƙin ta gayyato, su suka riƙe guduma suka daddaki faifan ƙarfen da aka fitar da siffar daɓen da shi. Mu ma an yi sulhu. Gwamna Aminu Bello Masari ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daji a watan Satumban 2019 yana zama da 'yan bindiga, an kuma yi wasu zaman bayan nasa. A duk hotunan da na gani akwai hakimai, akwai jami'an tsaro, akwai masu bindiga a kafaɗa, babu mace. Ban raina sulhu ba, don wanda ya koma gonarsa saboda shi ya fi ni sanin amfaninsa. Sai dai tambayoyin da na ji a tsakar gidan nan ba a kai su kan tabarmar sulhu ba: ina matan da har yanzu suke can, yaya za a yi da 'ya'yan da aka dawo da cikinsu, wa zai mayar wa mace ɗakinta, kuma ta yaya za ta yi ciniki a kasuwa ɗaya da wanda ta gane muryarsa? Sulhun da bai saurari waɗannan ba tsagaita wuta ne tsakanin maza.

Ɗakin bai daɗe ba, don masu kwanuka suna bukatar abinsu, buhuna kuma suna bukatar wuri. Yarinyar ta koma Zariya da hotunan bango da sautin da aka yarje mata, ta bar wa matan kwafi a wayar ɗaya daga cikinsu. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin jihar ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da ke maƙwabtaka da Safana, ɗayansu ya ware ɗaki guda, a kira matan Batsari da Safana, Hausawa da Fulani, su yi jeren da hannunsu, a biya su ladan aikinsu kamar yadda ake biyan kowane gwani. Ke kuma mai karatu, in kina da tsohuwa a gida da ta iya waƙar daka ko ta niƙa, ki nemi izininta ki naɗa tun tana da ƙarfin yi, ki sa mata ta saurara, abin da ta ce ki goge ki goge.